Kujerar Da Ba Ta Ɗaukar Kowa

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi. Masu cewa an ɗaura min aure a ɓoye, da masu cewa bindigar gam ce ta ƙone min yatsu, duk ku kwantar da hankalinku. Ina nan da raina. Cinyoyina ne dai ba su dawo hayyacinsu ba. A kwance nake rubuta muku wannan, Mama tana shafa min man zafi tana dariya har da hawaye.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: ni ce mai shafin nan da nake koya wa mata ƙawata ɗaki da abin da mutane suke zubarwa. Kwali, murfin kwalba, cokulan roba, kiret ɗin ƙwai, tsohon labule. Ki ba ni shara da almakashi da gam, in miƙo miki abin da za ki rantse daga kanti aka sayo shi. A gida Injiniya ake ce min. Baba ne ya laƙaba min, kuma ba yabo ba ne.

Gaskiya yana da hujja. Akwai ranar da ya shirya zai fita, ya nemi takalmansa sama ko ƙasa ya rasa, sai can ya hango su rataye a bango, na fesa musu fenti ruwan zinariya, furen roba yana leƙowa daga ciki. Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya ce, "Injiniya, ba ni na ƙafar dama kawai, in ya so in ɗingisa." Kwandon wankin Mama ya zama rumfar fitila. Ƙananan cokulan gidan nan sun taɓa ƙarewa kaf a jikin madubi, muka koma juya sukari da biro. Yanzu in Baba zai yi barcin rana sai ya murza makulli, wai kada ya farka ya tarar an manna masa duwatsu masu ƙyalli a goshi.

Amma akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba, ku ma ba ku taɓa tambaya ba. Kayana na ido ne, idon ma na kyamara. Duk abin da na ƙera gaba gare shi, ba shi da baya. Agogon bangon nan da kuka yi ta yabo ba ya tafiya. Teburin da kuka ce kamar na marmara, in aka ɗora masa kofi durƙusawa yake yi. Da zarar na ɗauki hoto na saka a shafi, sai in kinkimi abin in kai ɗakin ajiya, wanda Mama take kira makabarta. Ni dai ban taɓa cewa kowa ya yi amfani da su ba. "Ku gani" nake rubutawa, kuma kuna gani.

To, Mama ba adon ne ya dame ta ba, ni ce na dame ta. Tun da 'yar ƙanwarta, wadda na girme wa nesa ba kusa ba, ta yi aure, Mama ta sa ni a gaba.

"Kullum ke ce gam, kullum ke ce almakashi. Sa'o'inki suna goyon 'ya'ya, ke kina goyon kiret ɗin ƙwai."

"Mama, sana'a ce fa."

"Sana'ar da ta cinye min labule? In kin isa ki manno min suruki da gam ɗin."

Gwaggo kuwa, yayar Baba da take zaune tare da mu, ita ba ta faɗa. Addu'a take min da ƙarfi daidai inda zan ji: "Allah ka kawo wa yarinyar nan miji, ko da na kwali ne."

Addu'ar Gwaggo ba ta faɗuwa ƙasa.

Mai shagon magani ne a bakin titinmu. Dogo, siriri, farar rigar aikinsa kullum a goge, magana a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Na je roƙon kwalayen da suka gama da su, ya shiga ciki ya zaɓo min masu kyau. Washegari ya aiko da wasu. Daga nan ya karɓi lambata, wai don ya riƙa sanar da ni in kaya sun iso. A wayata Mai Kwali na ajiye sunansa, har yau ban canja ba.

Wasu samarin turare suke kawowa, wasu agogo. Shi ga irin saƙonsa:

"Ranki ya daɗe, yau an sauke wani mai kauri, bai jiƙe ba, ko lanƙwasa babu. Da na gan shi ke na tuna."

Ku yi dariya in kun ga dama. Ni dai na karanta saƙon nan ya fi a ƙirga, na kifa wayar a ƙirji ina murmushi kamar wata sakarya. Duk wanda ya san ni, har na cikin gidanmu, kallon mai ɗan taɓin hankali yake min. Shi kaɗai ne yake tsugunawa ya cire ƙusoshin jikin kwali ɗaya bayan ɗaya, kada su yanke ni. In na saka sabon abu, shi ne na farkon tsokaci, kuma kullum abu ɗaya yake rubutawa: "Hannu ya yi albarka." Ina son sa. Ban taɓa rubuta wannan a fili ba sai yau.

Ana haka kujerar ta zo. Kun san ta, ita ce ta tara min mabiyan da ban taɓa mafarki ba. Mai hannu biyu, mai dogon majingini, na lulluɓe ta da jan karammiskin tsohon labulen Mama, na jera mata maɓallan rigar sanyin Baba. Kyan ɗan maciji ke nan. Cikinta babu komai sai iska da salatif da kyakkyawar niyya.

Inda na ɗebo ruwan dafa kaina shi ne hoton. Na ga kujera babu mutum ba ta yi armashi ba. Sai na saka doguwar riga mai faɗi, na jingina wayar da kwalba na saita ta ta ɗauka da kanta, na juya wa kujerar baya, na lanƙwasa gwiwa na tsaya a iska, 'yar tazara tsakanina da mazaunin. Rigar ta rufa min asiri. Na ɗora hannu a hannunta kamar mai taɓa ƙwai, na yi murmushin masu hutu. A ƙasa na rubuta: "Hutawa bayan aiki."

Tsokaci ya yi ta zuba. "Anti, don Allah koya mana." "Anti, mijina ya ce in yi masa irin ta." Wannan na ƙarshen ya ɗan tsorata ni, amma na danna mata alamar zuciya na wuce.

Da safe ina wanke goga sai ga saƙon Mai Kwali.

"Ummata ta ga kujerar."

"Allah sarki. Ka gaishe min da ita."

"Ta ce yarinyar da ta iya wannan ba a bari ta wuce. Tana son ta zo ta gan ki."

Na ajiye gogar na taka rawa a tsakiyar ɗaki, ni kaɗai, da fenti a gwiwar hannu. Sai wayar ta sake ƙara.

"Ta ce har kujerar. Yau ɗin nan, in rana ta yi sanyi. Umma ba ta kwana da niyya."

Na fito falo da waya a hannu kamar wadda aka aiko wa saƙon rasuwa. Mama ta karanta, ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

"Mama, kujerar fa ba a zama a kanta."

"Wa ya ce miki zama ne ya kawo ta? Ke ta zo gani."

"Ta ce har kujerar."

Baba ya sauke jarida daga fuskarsa. "A gaya musu gaskiya mana. A ce kwali ce, ko kyanwa ba ta ɗauka."

Mama ta juyo gaba ɗayanta. "Alhaji, tun yaushe muke jiran a ƙwanƙwasa ƙofar nan? Yau da aka ƙwanƙwasa za ka tari mutane da gaskiya? Ajiye ta, ba ruɓewa take yi ba."

Na ce a ɓoye kujerar a ce an saya. Gwaggo ta ce to in matar ta ce in ƙera mata wata a gabanta fa? Muka gwada cusa bokitin fenti a ciki, mazaunin ya kumburo kamar ƙari ya fito mata. Muka gwada tukunyar gas, ta yage gefe, sai da na bi da gam ina hura wa da baki. Muka cusa tsofaffin jaridu, Baba ya zo ya zare abinsa wai bai gama karantawa ba.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Gwaggo. Sannan ta kafe ni da ido. "Ke, a hoton yaya kika yi?"

Na nuna mata.

"To shi ke nan. Kujerar da mutum yake kai, wa zai zauna mata? Ki riga su zama, kada ki tashi sai sun tafi."

"Gwaggo, na hoto fa ƙiftawar ido ne!"

"Baƙon farko ba ya daɗewa. A gaisa, su kurɓi shayi, su tashi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Na so in yi gardama, amma a ƙasan raina tsoro nake ji, ba na Umma ba, nasa. Yadda yake kallon hannuna kamar akwai wani abin kirki a ciki. In ya gane cewa duk abin da nake yi fuska ce kawai, me zai rage min a idonsa? Yarinyar da take bin shaguna tana tara shara.

Na saka doguwar riga ruwan toka, mai faɗi har tana jan ƙasa, na yafa mayafi ruwan hoda, ɗan kwalli, ɗan jan baki. Na ɗauko takalmi mai tsini, Gwaggo ta fizge ta ce ƙafa a ƙasa ta fi riƙo. Aka jingina kujerar da bango yadda bayanta, wanda har yanzu rubutun kamfanin magani yake jiki, zai ɓuya. Aka kakkaɓe doguwar kujerarmu ta gaske, ita kaɗai ta tsira daga hannuna, aka ce nan ne wurin Umma. Mama ta kashe fanka, wai kada iska ta kwashe furannin takardar da ke bango.

Suka iso. Tubarkalla, Umma mace ce cikakkiya, sai da ta ɗan karkata sannan ta shigo ƙofar falonmu. Leshi shuɗi, mayafi fari mai duwatsu, ƙamshinta ya riga ta sallama. Fuskarta a sake, irin matan nan da kana ganin su kake jin kana son faɗa musu damuwarka. Shi yana biye, yau babu farar rigar aiki, ya sa doguwar riga ruwan ƙasa har gwiwa, kai a sunkuye. A hannunsa me kuke tsammani? Kwali, a naɗe, an ɗaure da jan kintinkiri.

Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina ta sa min albarka. Sai idonta ya sauka a kan kujerar.

"Ikon Allah! Ita ce wannan?"

Ta nufe ta. Gwaggo, wadda kullum take kukan ciwon gwiwa, ta yi wani irin tsalle ta tare hanya.

"Hajiya, ga wurinki nan, babba sai babbar kujera. Ke kuma zauna a taki, su gan ki kamar a hoto."

Na yi bismillah a zuci. Na juya, na lanƙwasa gwiwa, na tsaya a iska, na baza rigata.

Da farko wallahi har raina abin na yi. Na ce ashe ma ba wuya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen gida, aka sake tambayar gajiya. Mama ta kawo shayi da biskit. Umma ta kurɓa, ta gyara zama, ta ce bari ta ba mu labarin ɗanta don mu san wanda za mu ba 'ya. Ba daga haihuwarsa ta fara ba. Daga laulayin cikinsa ta fara.

Kafin a kai wata na biyar, wuta ta kama cinyoyina. Mama, don neman suna, ta miƙo min nawa kofin. Na karɓa, ya fara kaɗawa a kan faranti, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kowa yana ji.

"Allah sarki, kunya," in ji Umma. "Dubi yadda jikinta yake rawa. Yaran yanzu ina za ka samu wannan?"

"Haka take tun tana ƙarama," in ji Mama, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ni da na taɓa yi wa mai gyaran famfo tsawa har ya manta kayan aikinsa.

"Har gumi take yi. 'Yata, saki jikinki, jingina mana."

"Na gode Umma, na fi jin daɗin haka."

"Tana da laushi kuwa?"

"Sosai, Umma. Ba ka ma jin ta."

Na saci kallon Mai Kwali. Yana zaune a kan kafet kusa da ƙafar uwarsa, ya zuba wa yatsun ƙafata ido, waɗanda suka leƙo daga ƙasan riga sun ƙanƙame kafet ɗin. Na ja su ciki da sauri, na kusa tafiya baya.

Baba ya shigo gaisawa. Ya gaishe da Umma cikin mutunci, ya amsa gaisuwar saurayin, sannan ya juyo ya kalle ni daga sama har ƙasa.

"Injiniya, sannu da aiki."

Ya fita da sauri, kafaɗunsa suna rawa. Daga ɗakinsa muna jiyo wani sauti, Mama ta ce tari ne yake damun sa kwana biyu. Mai Kwali ya ce zai aiko masa da magani.

Aka haifi yaron da ƙyar. Aka yi masa aski, ya yi ƙyanda, ya warke. Ni kuwa na daina jin ƙafafuna a matsayin nawa, sun zama wasu maƙwabta da nake roƙo su taimaka min. Gumi yana bin bayana, kwallin da na saka ya fara gangarowa. Gwaggo tana gefe tana min alama da ido: daure. A raina na ce, Gwaggo, baƙon farkon naki ga shi nan ko rarrafe ɗansa bai fara ba.

Sai Umma ta ajiye kofi ta tafa hannu.

"Af, na manta ban gaya muku ba. Ai tun da na ga hoton nan na ce masa ya je wurin kafinta ya janye aikin kujerun da ya bayar. Tsofaffin da ke gidan da ya kama ma na sa an raba wa maƙwabta. Mai wannan hannun a gida, me za a yi da katako? Gado, kujeru, teburin cin abinci, duk ita za ta yi abinta. Na sa an fara tara mata kwali, ɗaki guda ya kusa cika."

"Ma sha Allah," in ji Mama, da muryar wadda ƙashi ya tsaya wa a wuya.

Jama'a, bari in gaya muku burina a duniya. Ba mota ba ce, ba gwal ba ne. Kujera ce ta gaske, mai katako da soso, wadda in na gama yanke-yanke da manne-manne zan faɗa kanta da dukkan nauyina, ta karɓe ni ba ta ce uffan ba. A wannan lokacin na hango rayuwata gaba ɗaya. Ni da mijina a falo, kowa a tsaye a iska, muna hira. Baƙi su zo mu koya musu. Mu haifi 'ya'ya masu manyan cinyoyi. Hawaye suka zubo min, na kasa tare su don hannu ɗaya yana riƙe da kofi, ɗayan yana dafe da hannun kujera kamar ƙwai.

"Kukan farin ciki," in ji Umma, ita ma ta goge ido da gefen mayafi.

Ƙafata ta hagu ce ta fara yin murabus. Na ji ta tana zamewa a hankali, na san in na ƙara ko numfashi uku zan tafi ƙasa, ni da kujerar da auren gaba ɗaya. Ban san yadda aka yi na miƙe ba.

"Bari in ƙaro ruwan zafi."

Gwaggo ta zaro ido kamar za su faɗo. Na ɗauki tire na nufi kicin ina tafiya irin ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ban kai labulen ƙofar ba na ji doguwar kujera ta yi ajiyar zuciya. Umma ta miƙe.

"Yawwa. Bari in ɗana kafin ta dawo."

Mama ta fara salati ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta yunƙura, amma wannan karon gwiwar ta ƙi da gaske. Na tsaya riƙe da tire. Sai na ji muryarsa, a hankali kamar kullum.

"Umma, bari in fara gwada miki."

Kafin ta ce wani abu ya riga ta isa. Ya juya, ya tattara rigarsa, ya tafi ƙasa. Na runtse ido ina jiran ƙarar.

Shiru.

Na buɗe ido ɗaya. Ga shi zaune, hannuwa a kan hannun kujera, rigarsa ta sauka ta rufe gwiwa, yana murmushi.

"Kai, Umma, akwai daɗi."

Na ce ko dai gam ɗin nan ya fi yadda nake zato? Ko dai ni ce ban san darajar aikina ba, na sha wuya a banza? Sai na lura da abin da ni kaɗai nake iya gani daga gefen da nake tsaye. Haske yana wucewa tsakanin rigarsa da karammiskin. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Dunduniyarsa tana rawa.

Ya zaro waya daga aljihu kamar mai duba saƙon shago. Tawa ta yi ƙara. Na faɗa bayan labulen kicin.

"Ashe haka kike shan wuya. Cinyata ta kama wuta."

Na rubuta, "Ka sani?!"

"Ranki ya daɗe, kwalin maganin tari ne. Ni na ba ki. Kwalaben da ya zo da su ma sai an tallafi ƙasansa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun hoton. Ba a hutawa da jijiya a goshi."

"Kuma ba ka ce komai ba?"

"Me zan ce? Ta yi kyau. Ni ban taɓa ganin wanda ya kalli kwalin maganin tari ya hango kujera ba sai ke."

Ban gama karantawa ba wani ya shigo.

"Kafintan yana nan yana aikinsa, ban janye ba. Mai soso biyu na ce ya yi miki. Kada Umma ta ji."

Na zame jikin bango na zauna daɓas a ƙasan kicin, zaman gaske na farko tun da rana ta yi sanyi, na toshe baki da mayafi na yi kuka. Wannan karon Umma da ta gani da ta canka daidai.

Daga falo na ji ta ce, "To tashi haka, daɗin ya isa. Ni ma in ji."

"Umma, ɗan ƙara min kaɗan."

Ku fahimta, wannan mutum ne da in uwarsa ta kira shi a waya miƙewa tsaye yake yi kafin ya amsa. Na gani da idona a shago.

"Ni kake ce wa in jira?"

"Bayana ne, Umma. Tsayuwar shago. Kujerar nan kamar magani take min."

Na leƙa ta gefen labule. Umma ta kalle shi, ta kalli kujerar, sai ta fashe da dariya.

"Kun ga ɗan nema! To ai shi ke nan, ni ba sauri nake ba."

Ta koma kan doguwar kujera. Ta cire takalmi. Ta warware mayafi ta ninke, ta ajiye jaka a gefe, ta kira gida ta ce kada a jira ta da abinci.

"Hajiya, ƙafata ba za ta bar gidan nan ba sai na zauna a kujerar 'yata. Ina muka tsaya? Yawwa, yaye."

Wayata ta sake ƙara.

"Ba zan kai labarin shigata makaranta ba. Zo ki karɓe ni. In kin gaji ki yi tari, in dawo."

Na share fuska, na gyara mayafi, na daddaki cinyoyina biyu don su san ba a tashi aiki ba. Na cika butar shayi na fito. Mama, Allah ya saka mata, tana ganin idona ta gane. Ta cika wa Umma kofi har baki ta danƙa mata a hannun dama, ta danƙa mata farantin biskit a na hagu, yadda ko gobara ce ba za ta iya miƙewa da wuri ba.

Na tsaya a gabansa. Ya ɗago, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, leɓensa yana rawa, amma murmushin yana nan. Na ce masa:

"Malam, tashi min a kujerata."

"Kun ji ko?" in ji Umma, tana dariya har shayin yana zuba. "Tun yanzu ta fara mulki!"

Ya miƙe da ƙyar, ya raɓa ta gefena, ya ce ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "Ki ɗan buɗa ƙafa, ya fi sauƙi."

Na juya. Na baza rigata. Na lanƙwasa gwiwa.

Umma ta kurɓi shayi, ta gyara zama ta ce, "To, ranar da za a yaye shi, tun da asuba ya fara kuka."